Malam ya ɗaura, hukuma ta ce ba ta gani ba

Wasiƙar wannan makon daga Ingila ta zo. Na rage mata tsawo, na kuma cire duk abin da zai sa a gane mai ita.

"Assalamu alaikum Anti. Ni ma'aikaciyar jinya ce, 'yar Zariya, ina zaune a Manchesta. Shekara huɗu ke nan da aka ɗaura aurena a nan, a falon gidan wani baffana da ya daɗe a ƙasar. Mahaifina ya wakilta shi, shi ya tsaya a matsayin waliyyi. Malamin da ke jan salla a unguwarmu ya yi huɗuba, aka biya sadaki lakadan, mutum fiye da talatin suka shaida, aka shafa fatiha. Malam ya ba mu takarda mai hatimin masallaci. Yanzu muna da ɗa ɗaya, ga kuma ciki. Bara muka sayi gida, na zuba duk abin da na tara, amma sunan maigidana kaɗai ke jikin takardun. Watan jiya na je wurin wata lauya kan wata magana daban, ta ga takardar aurenmu, sai ta ce a wurin dokar ƙasar nan ni ba matar aure ba ce. Tun ranar ban yi barcin kirki ba. Na ce wa maigidana mu je ofis a yi rajista, ya ce auren kotu na Nasara ne, kuma rashin yarda da shi ne ya sa na kawo maganar. Anti, aurena bai ɗauru ba ke nan? Malam bai isa ya ɗaura aure ba ne? Wa doka ta yarda ya ɗaura? Ina matsayin 'ya'yana?"

Wa alaikumus salam, ƙanwata.

Bari in fara cire miki ƙayar da ta fi sukar ki. Aurenki ya ɗauru. Ke matar mijinki ce ta sunna, ɗanki ɗan halas ne, wanda ke cikinki ma haka. Kada maganar lauya ta sa ki riƙa kallon shekaru huɗun nan da wani ido daban. Ita a kan dokar Ingila ta yi magana, ba a kan addininki ba, kuma a kan abin da ta yi maganar gaskiya ta faɗa miki. Abubuwa biyu ne suka haɗe miki wuri ɗaya, shi ya sa barci ya ƙaurace. Mu raba su.

Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Hausa ya wuce ta kan maganar Risala ta Ibn Abi Zaid: babu aure sai da waliyyi, da sadaki, da shaidu biyu adilai. Ki sake duba jerin nan. Babu liman a ciki. Ki tuna yadda ake ɗaurin aure a ƙofar gidanku a Zariya. Wakilin ango ne ke nema, waliyyin amarya ya ce ya bayar, wakili ya ce ya karɓa, a faɗi sadaki, jama'a su ji, sanƙira ya ɗaga murya ya sanar cewa an ɗaura auren wane da wance a kan sadaki kaza, lakadan ba ajalan ba. Malam yana nan don ya yi huɗuba, ya tabbatar an bi ƙa'ida, ya yi addu'a. Muna girmama shi, muna neman albarkar bakinsa, amma igiyar a hannun waliyyi take. Musulunci bai ware wani rukunin mutane ya ce sai da hannunsu aure zai inganta ba. Saboda haka tambayarki ta ko malam ya isa, a ɓangaren addini amsarta ita ce: baffanki ne ya aurar da ke da izinin mahaifinki, kuma ya isa.

Dalilin da ya sa ba mu saba tambayar wa doka ta yarda ya ɗaura ba shi ne, a gida ba ma bukatar tambayar. Dokar Najeriya ta amince da aure iri uku: na Musulunci, na gargajiya, da na Dokar Aure ta 1914, wanda muke kira auren kotu. Wanda aka ɗaura a ƙofar gida da goro da alewa, in rigima ta taso, kotun shari'a za ta saurare shi a matsayin aure cikakke, ko da babu takarda ko ɗaya, muddin akwai shaidu. Da wannan sabon muka tashi, da shi muka hau jirgi. Kuskuren da mutanenmu da yawa ke yi shi ne zaton kowace ƙasa haka take.

Ingila da Wales ba haka suke ba. Dokar da ke aiki a can ita ce Dokar Aure ta 1949, kuma abin da ke ba baƙo mamaki game da ita shi ne, ba ta damu da zurfin ilimin wanda ya ja bikin ba. Abin da take dubawa shi ne a ina aka yi, an ba hukuma sanarwa tun kafin a yi, kuma wa ke tsaye a wurin a madadinta. Asalin wannan tsari ya koma 1753, lokacin da aka yi doka don hana auren ɓoye, aka ce aure sai a cocin Ingila, aka keɓe Yahudawa da mabiya ɗariƙar Kweka ta Kirista aka bar su su yi nasu. A 1836 ne aka buɗe ƙofar yin aure a ofishin rajista da kuma a wuraren ibadar sauran addinai. Har yau tsarin a kan wannan tubali yake. Limamin cocin Ingila yana da ikon ɗaurawa saboda muƙaminsa. Yahudawa da 'yan Kweka suna da tasu hanya. Kowa kuma, Musulmi ne, Hindu ne, Katolika ne, ƙofa biyu gare shi.

Ƙofa ta farko ita ce ta jami'an rajista, ko dai a ofishinsu ko a wani wuri da ƙaramar hukuma ta ba lasisi, kamar otal ko zauren taro. Wannan babu addini a cikinsa ko kaɗan, doka ma ta hana a sa.

Ƙofa ta biyu ita ce wurin ibada mai rajista, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Bai isa a ce masallaci ne ba. Dole a fara yi masa rajista a matsayin wurin ibada, sannan a sake yi masa wata rajistar ta ɗaurin aure, wadda ke bukatar sa hannun masu gida ashirin da ke ibada a wurin. Bayan haka, ranar ɗaurin auren dole a samu ɗaya daga cikin mutum biyu a wurin: ko jami'in rajista, ko wani da amintattun masallacin suka naɗa aka kai sunansa babban ofishin rajista na ƙasa. Wannan mutumin yana iya zama liman, yana iya zama sakataren kwamiti. Ikon ba daga rawani yake zuwa ba, daga naɗin yake. Sannan dole ango da amarya su kasance a wurin da kansu, kowannensu ya furta da bakinsa, a gaban shaidu biyu, cewa bai san wani abin da zai hana auren a doka ba, kuma ya karɓi ɗayan a matsayin miji ko mata. Kin ga nan ya saba da al'adarmu, inda amarya ke can cikin ɗaki da ƙawayenta sai dai a zo a yi mata guɗa. Ko a masallaci mai rajista, in ba a ba da sanarwa ba, ba a furta waɗannan kalmomi ba, ba a sa hannu a takardar hukuma ba, to nikahi aka yi kawai.

Yanzu ki auna naki. Falon baffa ba wuri ne mai rajista ba. Ba ku kai sanarwa ofis ba. Babu jami'in rajista. Takardar da malam ya ba ku shaida ce mai kyau cewa an yi nikahi, kuma ki adana ta, amma hatimin masallaci ba ya mayar da ita takardar hukuma.

Ba ke kaɗai ba ce, kuma ba jahilci ne ya kai ki ba. A 2017 tashar Channel 4 ta yi bincike a kan mata Musulmi kusan 900 a Birtaniya, aka samu kusan shida cikin kowane goma nikahi kaɗai gare su. Shari'ar da lauyoyi ke kafa hujja da ita a yau ita ce ta Akhter da Khan. An ɗaura aurensu a 1998 a wani gidan cin abinci a Southall, yammacin Landan, da liman da shaidu da taron jama'a. Matar, wadda ita kanta lauya ce, ta shaida wa kotu cewa sun yi alkawarin za su je rajista daga baya, ta yi ta tuna masa, yana ta ɗagawa. Suka yi shekara 18, suka haifi 'ya'ya huɗu, suka rabu a 2016. A 2018 alƙalin babbar kotu ya nemi hanyar da zai ba ta haƙƙi, ya ce a ɗauke shi a matsayin aure mai naƙasu, wanda ke ba kotu damar raba dukiya. A watan Fabrairun 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta soke wannan hukunci, ta ce bikin bai ma shiga sahun abin da doka ke kira aure ba. Ki lura da kalmar da ta cinye matar nan: "daga baya". Ita ce kalmar da na fi jin tsoro a irin wannan zance.

To mene ne wannan ke nufi a zamanku na yau da kullum? Muddin ana zaman lafiya kuma kowa na raye, kusan babu komai. Shi ya sa mutane ke shekara ashirin ba su sani ba. Ranar da abin ke fitowa fili rana biyu ce, kuma ba a fatan ko ɗaya: ranar rabuwa da ranar mutuwa.

In an rabu, matar da doka ta sani tana iya zuwa kotun iyali ta nemi rabonta a gida, a fansho, a abin da aka tara, ko da sunanta ba ya jikin takarda. Wadda doka ba ta sani ba ba ta da wannan ƙofa. Akwai masu cewa in an daɗe tare doka na ɗaukar mutane a matsayin ma'aurata. Ba gaskiya ba ne a Ingila, ko shekara hamsin aka yi. Abin da ya rage mata shi ne ta shigar da ƙara irin ta rigimar fili, ta yi ta kawo hujjar cewa ta zuba kuɗi a gidan kuma an yi niyyar na su biyu ne. Ana cin irin wannan shari'a, amma tana da tsada, tana da tsawo, kuma babu tabbas.

In kuma Allah ya yi wa miji rasuwa bai bar wasiyya ba, matar da doka ta sani za ta ɗauki kayan amfaninsa, da fam 322,000 na farko, da rabin abin da ya saura, 'ya'ya su raba ɗaya rabin. Wadda doka ba ta sani ba, kai tsaye ba ta da ko kwabo. Komai na 'ya'ya ne. Ko tumunin da Allah ya yanka mata babu wata dokar Ingila da za ta miƙa mata shi, sai dai ta je kotu ta roƙi a duba cewa sun zauna tare fiye da shekara biyu. Ga kuma harajin gado: abin da miji ya bar wa matarsa ta doka ba a cire masa haraji, amma in ba ita ba ce, abin da ya haura fam 325,000 ana iya yankar kashi 40 cikin 100 a kansa. Ki faɗa wa maigidanki wannan, domin guminsa ne zai tafi.

Game da yara, ki kwantar da hankali. Tun 1987 dokar Ingila ta kawar da bambanci tsakanin 'ya'yan masu rajista da na marasa rajista a wajen gado. Ciyar da su wajibi ne a kan uba ko akwai rajista ko babu, kuma in sunansa na jikin takardar haihuwa yana da cikakken haƙƙin uba. Wadda ke tsaye a rana ke ce, ba su ba.

Akwai wani abu da zai ba ki mamaki. Da a ƙofar gidanku a Zariya aka ɗaura wannan auren, da Ingila ta karɓe shi. Ƙa'idarsu ita ce, auren da ya inganta a dokar ƙasar da aka ɗaura shi, ya inganta a wurinsu, muddin babu wani abin da ya hana ma'auratan yin aure. Har auren da wakilai suka ɗaura ango da amarya ba sa nan kotunansu sun karɓa. A 2017 kotun ɗaukaka ƙara ta jaddada haka a shari'ar Awuku, wadda ta shafi auren gargajiya da aka ɗaura a Ghana ta hannun wakilai. Wato ba nikahi suke ƙi ba. Cewa suke yi abin da aka yi a ƙasarsu ya bi tsarinsu. Na kawo wannan ne don masu karatu da ke shirin aure su sani, ba don in buɗe miki wata hanya ba. Kada wani ya ce zai samo muku takarda daga gida da ke nuna wai a can aka ɗaura shekara huɗu da suka wuce. Ƙarya ce, laifi ne, kuma tana iya cinye muku izinin zama. Ku da kuke da ofishin rajista a garinku ba ku da bukatar kewaye.

Ko a cikin Birtaniya ma tsarin ba ɗaya ba ne. A Sikotland, ƙarƙashin dokarsu ta 1977, mutum ake ba izini ba gini ba, don haka limamin da hukuma ta amince da shi yana iya ɗaurawa a falo ko a lambu, auren ya zama na doka, in an kai sanarwa an karɓo takarda. A Faransa kuwa magajin gari ko mataimakinsa ko kansilan da ya wakilta ne kaɗai ke ɗaura auren doka, kuma malamin addinin da ya mayar da ɗaura aure kafin na hukuma al'adarsa yana iya fuskantar hukunci. Hukumar bitar dokoki ta Ingila ta ba da shawara a watan Yulin 2022 cewa a koma tsari irin na Sikotland. Shawara ce mai kyau, amma kada ki zauna jiranta, domin ko an canja doka ba lallai ta waiwayi auren da aka riga aka yi ba.

Malamin da ya ɗaura muku fa? Yadda kotuna suka fassara dokar, yin nikahi zalla ba tare da riya cewa na hukuma ne ba, ba laifi ba ne. Amma ni ina ganin ya gaza a nasiha. Duk malamin da ke zaune a Ingila yana ɗaura wa mutane aure, wajibinsa ne ya dubi waliyyi da ango ya ce musu: wannan da zan yi hukuma ba ta san da shi ba, kun je ofis? Kwamitin da Farfesa Mona Siddiqui ta jagoranta ya ba gwamnati shawara a 2018 cewa a riƙa yin rajista kafin nikahi ko tare da shi, kuma masallatai da dama yanzu ba sa ɗaurawa sai sun ga takardar ofis. Waɗannan sun fahimci amanar da ke wuyansu.

Mu dawo kan maigidanki, domin nan ne aikin yake.

Ban san shi ba, kuma ba zan yi masa mugun zato ba. Mazajenmu da yawa da ke faɗin "auren kotu na Nasara ne" da gaske suke. A gida an san auren kotu da cewa na Kirista ne, yana hana ƙarin aure, yana taɓa rabon gado. Da wannan tsoron suka taso. Amma a Ingila abin da za ku yi ba a kotu ba ne, babu alƙali, babu coci, babu rantsuwa da littafin kowa, ko zobe ba dole ba ne. Ɗaki ne a ofishin ƙaramar hukuma, da jami'ai biyu, da shaidu biyu, a yi a gama cikin kwata na awa. Ba ya warware igiyar da baffa ya ɗaura, ba ya ƙara mata komai a wurin Allah. Rubutawa ce. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, tsakanin muminai waɗanda suka yarda da juna. Allah bai ce rubutun alamar rashin yarda ba ne, cewa ya yi shi ya fi adalci kuma ya fi kawar da shakka. In bashin 'yan kuɗi ya cancanci alƙalami, ina ga abin da Suratun Nisa'i ta kira alkawari mai kauri?

Sai dai kada mu yi kamar ba shi da abin tsoro na gaske. Yana da shi, kuma gara a faɗe shi a fili.

In tsoronsa gado ne, maganinsa wasiyya. Dokar Ingila ta ba mutum dama mai faɗi ya rubuta yadda za a raba dukiyarsa, kuma akwai lauyoyi Musulmi da aikinsu ke nan, su tsara wasiyya daidai da rabon Musulunci. Rashin rajista ba ya kawo rabon Musulunci, rashin wasiyya ne ke kore shi. Ku kula da abu ɗaya: yin auren doka yana soke wasiyyar da aka rubuta kafinsa, sai in an rubuta ta da ambaton auren da ke tafe. Don haka a yi ta bayan rajista, ko a sanar da lauya.

In tsoronsa raba dukiya ne ranar rabuwa, gaskiya ne kotu za ta samu ikon da ba ta da shi yanzu, kuma saki da baki ba zai warware auren doka ba, sai an bi ta kotu. Kuna iya rubuta yarjejeniya kafin rajista, kowa da nasa lauya. Tun hukuncin kotun ƙoli na 2010 alƙalai na ba irin wannan yarjejeniya nauyi in an yi ta da adalci. Amma mutumin da ya karɓi tarin guminki ya sa a gida da sunansa kaɗai, ba shi ne ya kamata ya fi jin tsoron asara ba.

In kuma tsoronsa ƙarin aure ne, to eh, mai auren doka a Ingila ba zai iya yin wani auren doka ba, yin hakan laifi ne da ke iya kai mutum gidan yari har shekara bakwai. Wannan magana ce da za ku yi ku biyu da idon basira. Amma ki san ɗaya gefen: yadda kuke yanzu, a wurin hukuma shi gwauro ne. Gobe yana iya shiga ofis da wata a yi musu rajista, kuma ita ce za ta zama matarsa a doka, ke uwargida ki zama baƙuwa a gidan da kika biya.

Wannan ya kawo ni ga tambayar da ba na jin daɗin rubutawa, amma rashin rubuta ta ha'inci ne. Kin tabbata ba shi da mata a gida? In yana da auren da aka ɗaura a Najeriya kuma ba a warware ba, Ingila ta san da wannan auren, kuma ba zai iya yin rajista da ke ba. Jami'an za su tambaye shi ko ya taɓa aure, kuma yi musu ƙarya laifi ne. Wasu mazan da ke ƙin zuwa ofis wannan ne dalilinsu, addini kawai suke yafawa. Ba na cewa naki haka yake. Cewa nake yi ki sa baffa ya bincika cikin natsuwa, tun da shi ya bayar da ke kuma haƙƙinsa ne ya sani.

Yadda za ki ɗauko maganar ma yana da muhimmanci. Kada ki shigo ta ƙofar saki, namiji na jin haka zai toshe kunne. Ki shigo ta ƙofar mutuwa, wadda babu mai musunta: "Baban wane, in Allah ya ɗauke ka ko ya ɗauke ni gobe, wa zai riƙe gidan nan da yaran nan?" In bai saurara ba, kada ki tsaya ja-in-ja. Ki je wurin baffa ki zayyana masa komai, har da batun gidan. Shi ya san yadda zai kira surukinsa su zauna, kuma in da hali a haɗa da wani malami da ya san dokar ƙasar, domin abin da miji zai ƙi ji daga bakin matarsa sau da yawa yana karɓarsa daga bakin malam. Waliyyi ba ya gama aikinsa ranar da aka raba goro.

In ya amince, hanyar gajeriya ce. Ku yi alƙawarin ganawa da ofishin rajista na yankin da kuka zauna aƙalla kwana bakwai, ku je da fasfo da shaidar adireshi, da takardar saki in wani ya taɓa aure. Za a liƙa sanarwa kwana 28. In ɗayanku na ƙarƙashin dokar shige da fice, ana iya tsawaita jiran zuwa kwana 70. Bayan nan kuna da shekara guda ku kammala. A farashin 2024, mafi sauƙin tsari gaba ɗayansa bai kai fam 200 ba. In ya fi son a yi a masallaci don hankalinsa ya kwanta, ku nemi mai rajista, ku yi tambaya biyu ƙarara: an yi wa ginin nan rajistar ɗaurin aure? Kuna da wanda aka naɗa, ko sai mun ɗauko jami'i? Ofishin rajista zai iya tabbatar muku da amsar. Bayan an gama, ku tambayi yadda ake sabunta rajistar haihuwar ɗanku, domin doka ta bukaci haka in iyaye suka yi aure bayan haihuwa. Ki kuma sani cewa a wurin hukuma auren zai fara ƙirgawa ne daga ranar rajista.

Wataƙila wani ya kawo muku zancen rajistar zaman tarayya, wato wata rajistar hukuma da ake yi a madadin ta aure, wadda tun 31 ga Disamba 2019 aka buɗe ta ga namiji da mace. Jami'in rajista ne ke yin ta, sa hannu ne kawai a gaban shaidu biyu, ba sai an furta komai ba, kuma a cikin Birtaniya haƙƙoƙinta kusan daidai suke da na aure. Wasu Musulmi na zaɓarta don kada a ce an ɗaura aure sau biyu. Ta fi babu nesa ba kusa ba. Amma ku masu zirga-zirga ne tsakanin ƙasashe, yau Najeriya gobe Saudiyya, kuma takardar aure ita ce wadda kowane ofishin jakadanci ya sani. Ita nake ba ki shawara.

In kuma ya kafe, to ki kare abin da za ki iya karewa tun yanzu, ba tare da faɗa ba. Ki tattara duk shaidar kuɗin da kika tura don gidan: takardun banki, saƙonnin waya, duk inda aka ambaci "gidanmu". Ki ajiye kwafi a wurin da ke kaɗai ke da iko da shi. Ki koma wurin lauyar nan ki tambaye ta yadda za a sa sunanki a rajistar gidan, ko a rubuta takardar amana da ke fayyace kason kowa. In akwai bashin banki a kan gidan, sai bankin ya amince kafin a ƙara suna. Ki roƙe shi ya rubuta wasiyya, ke ma ki rubuta taki, ki faɗi wanda zai riƙe yaran. Kowannenku ya cike fom ɗin magaji a wurin fanshonsa. Kuma daga yau kada ki ƙara zuba babban kuɗi a gidan har sai an rubuta wani abu.

Ki kira baffa a wannan makon, kafin cikin ya yi nauyi. Allah ya sauke ki lafiya, ya daidaita tsakaninku.